Tambayoyin gwaji kan ilimin laifi da binciken 'yan sanda: ku zo mu warware su tare

Ɗan Mabera:
Assalamu alaikum jama'a. Jarrabawarmu ta ilimin laifi da tsaro ta ƙarato, kuma na san akwai masu shirin jarrabawar shiga aikin ɗan sanda a cikinmu. Ga wasu tambayoyi daga takardun gwaji da ke yawo a hannun ɗalibai. Na mayar da su Hausa don iyayenmu da ke nan su ma su sa mana baki.

1. Wane masani ne ya ce ana haihuwar wasu mutane da halin laifi, har ana iya gane su ta siffar kai da fuska? Beccaria, Lombroso, Sutherland ko Merton?
2. Ɗan sanda ne ya fara isa inda aka sari mutum. Me zai fara yi? Ɗaukar hoto, bin wanda ake zargi, duba wanda aka sara, ko tattara kayan shaida?
3. An kama mutum a cikin garin Sakkwato. Zuwa yaushe dole a kai shi gaban kotu?
4. An je kama wanda ake zargi ba a same shi ba. Ana iya tafiya da mahaifinsa ko matarsa har ya fito?
5. Mutum ya amsa laifi bayan ya sha duka, daga baya aka gano abin da ya faɗa gaskiya ne. Kotu za ta karɓi wannan amsa laifin?
6. Kafin ya cika, mutum ya ce wane ne ya sare ni. Ana karɓar maganar a matsayin shaida?

Kurtun Gobe:
Wa alaikumus salam. Ta ɗaya Lombroso. Ta biyu a bi mai laifi kafin ya ɓace. Ta uku awa 24. Ta huɗu a takarda a'a ne, amma kowa ya san ana yi. Ta biyar eh, tunda gaskiya ya faɗa. Ta shida a'a, don mamaci ba zai zo kotu a yi masa tambayoyi ba.

'Yar Arkilla:
Ta ɗaya ka samu. Lombroso likita ne ɗan Italiya, a 1876 ya fito da wannan ra'ayi bayan ya yi ta auna kawunan fursunoni. Amma kada a tsaya a sunansa, don malamai na son su biyo da tambayar wa ya rushe shi. Charles Goring ne, a Ingila, 1913. Ya gwada fursunoni kusan 3,000 da mutanen da ba su taɓa shiga gidan yari ba, bai sami wata siffa da ta raba su ba.

Ni abin da ke damuna shi ne mun haddace cewa an rushe Lombroso, amma a aikace har yau da shi ake aiki. Yaro ya tara suma, an ce ɗan shaye-shaye ne. Mutum ya shigo gari daga ƙauye da sanda da rawani, an ce a bincike shi, wai ya yi kama da mutanen daji. Tun da matsalar 'yan bindiga ta addabi Sabon Birni da Isa da Rabah da Goronyo, mutane da dama sun sha wahala saboda kamanninsu da harshensu kawai. Wanda zai sa kaki ya kamata ya san an gwada wannan hanya fiye da shekara ɗari da suka wuce, kuma ba ta kama kowa ba sai marar laifi.

Baba Sufeto Mai Ritaya:
Salamu alaikum ɗiyana. Allah shi ba ku sa'a. Kurtu, ta biyu ka faɗi. Rai shi ne gaba da komi. In ka iske mutum kwance cikin jini, ka duba ko da sauran numfashi, a tahi da shi asibiti. Bayan nan sai ka tsare wurin, ka hana kowa shiga. Hoto da tattara kaya duk suna biyo baya. In kuna da yawa sai a raba aiki, wani shi bi sawu. In kai kaɗai ne, ba ka barin mai rai ka bi mai gudu.

Tsare wurin nan kuwa, a garinmu shi ne aiki mafi wuya. Kafin mu iso jama'a sun cika wuri. Wani ya ɗauke wuƙar yana nuna ma mutane, wani ya zuba ƙasa bisa jini don kar yara su gani, an ɗauke gawa an shiga da ita cikin gida, wani lokaci har an fara shirin wanka. Ba da mugun nufi sunka yi ba, tausai ne da girmama mamaci. Amma shaida ta tahi ke nan.

Ɗan Mabera:
Baba, Allah ya ƙara girma. Wannan shi ne abin da aka koya mana da sunan Edmond Locard, Bafaranshen da ya buɗe ɗakin binciken 'yan sanda a birnin Liyon a 1910. Ƙa'idarsa ita ce duk wanda ya taɓa abu zai bar wani abu nasa a kai, kuma zai tafi da wani abu daga wurin. Ashe ke nan duk wanda ya shiga kallo ya bar nasa sawun a kan na mai laifi.

Baba Sufeto Mai Ritaya:
Haka ne ɗana. Bari in ƙara muku abin da takarda ba ta cika hwaɗi ba. Riga mai jini ba a ɗaure ta cikin leda. A bar ta ta sha iska ta bushe, sannan a sa ta cikin takarda. Leda na riƙe danshi, ta yi hunhuna, jinin shi lalace. Kuma kowane kaya a rubuta wa ya ɗauka, ina, ƙarfe nawa, wa anka miƙa ma, har shi kai hannun mai ajiyar ezibit. In anka samu giɓi guda, lauya zai tambaye ka ina tabbacin wuƙar da ke gaban alƙali ita ce wadda anka ɗauka a wurin, kuma ba ka da amsa.

Sai batun gawa. Littattafanku na cewa jiki na fara sandarewa bayan awa 2 zuwa 6, shi gama wajen awa 12. Ku rubuta haka a jarrabawa, daidai ne. Amma ku sani zafi na gaggauta shi. A watan Afrilu nan Sakkwato, rana ta haura digiri 40, abin da ka faruwa ga gawa cikin yini guda ba shi ne ka faruwa a ƙasar sanyi ba. Don haka ɗan sanda ba ya yanke lokacin mutuwa da ka, aikin likita ne.

'Yar Arkilla:
To Baba, in dangi suka ce ba za a taɓa gawarsu ba fa? Mu dai an san mu da gaggauta jana'iza.

Baba Sufeto Mai Ritaya:
Nan ne hankali ka aiki, 'yata. Ba ka zuwa da tsawa. Ka nemo mai unguwa da liman, ka zauna da babban gidan, ka gaya mishi in ba likita ya duba ya rubuta abin da ya kashe ɗansu ba, gobe a kotu za a ce ciwo ne ya kashe shi. Da yawa in sun ji haka suna yarda, muddin ba za a kwana da gawar ba. Ko ba a yi cikakken bincike ba, likita shi duba raunin shi rubuta, a ɗauki hoto, wani daga dangi shi shaida cewa gawar wane ce. Na ga shari'o'in kisa da sunka rushe don babu wanda zai hwaɗi ma kotu mi ya kashe mamacin.

Barista:
Sannunku da ƙoƙari. Baba ya gama da ta biyu, bari in ɗauki ta uku. Kurtu, awa 24 ɗinka daidai ne, amma in tambayar rubutu ce ba ta zaɓi ba, rabin maki za ka samu. Sashe na 35 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 cewa ya yi a kai mutum kotu cikin lokacin da ya dace, sannan ya fassara shi: kwana ɗaya idan akwai kotun da ke da hurumi a cikin tazarar kilomita 40, idan babu kwana biyu, ko abin da kotu ta ga ya dace da halin da ake ciki. Shi ya sa mai tambayar ya ce cikin garin Sakkwato. Da ya ce wani ƙauye can cikin Gudu ko Tangaza, sai ka duba nisa. Sashen kuma ya cire wanda ake zargi da laifin da hukuncinsa kisa ne daga wannan ƙa'idar lokaci.

Akwai wani abu da na gani a irin waɗannan takardu da nake so ku yi hattara da shi. Yawancinsu an kwaso su ne daga intanet, daga jarrabawar wasu ƙasashe. Za ka ga an tambayi haƙƙin wanda aka kama, amsar da aka ba da ita ce Miranda. Miranda hukuncin Kotun Ƙolin Amurka ne na 1966 kan gaya wa wanda aka kama haƙƙoƙinsa kafin a yi masa tambayoyi, ba ya ɗaure kowa a nan. Namu yana sashe na 35(2) na Kundin Tsarin Mulki: mutum na da 'yancin yin shiru har sai ya gana da lauya ko wani da ya zaɓa. Sashe na 6 na dokar ACJA ta 2015, wato dokar gudanar da shari'ar laifuka, kuma ya wajabta wa ɗan sanda ya gaya masa dalilin kamun da waɗannan haƙƙoƙi.

Ɗan Mabera:
Barista, a takardar da ke hannuna kuwa Miranda aka sa wa alama. Kuma wasu tambayoyin suna kawo sassan Criminal Code.

Barista:
Wannan na kudu ne. Mu a Arewa kundin Penal Code muka gada, wanda ya fara aiki a 1960, an ɗauko tsarinsa daga na Sudan, shi kuma daga na Indiya na 1860. A tsohon kundin, kisan kai mai hukuncin kisa yana sashe na 221, sata tana 286. Amma jihohin da suka sake rubuta nasu, kamar Kaduna a 2017, sun canza lambobin. Ita ma ACJA dokar tarayya ce, jihohi suna da tasu, Sakkwato ta yi tata a 2019. Don haka ku duba wace doka malaminku ke nufi kafin ku haddace lamba. Ga kuma kotunan shari'ar Musulunci da nasu kundin. Ɗan sandan da zai yi aiki a jihar nan sai ya san duka.

Ɗan Kasuwar Kara:
Ni ba ɗalibi ba ne, amma tambaya ta huɗu a gidanmu aka yi ta. Ƙanena ya karɓi kuɗin wani zai kawo masa buhunan albasa, kaya suka lalace a hanya, ya rasa yadda zai yi ya bar gari. Sai aka zo aka tafi da mahaifinmu, dattijo mai hawan jini, aka ajiye shi bayan kanta, aka ce ba zai fita ba sai yaro ya dawo. Sai da muka haɗa kuɗi muka biya mai kaya, muka kuma biya na beli. Har yau tsohon nan in ya ga motar 'yan sanda sai jikinsa ya ɗauki rawa. Yanzu ku ce mini a takardarku a'a ne. To wa takardar ta hana?

Barista:
Alhaji, Allah ya ba Baba lafiya. Abin da aka yi muku ya saɓa doka ta fuska uku. Sashe na 7 na ACJA ya ce ba a kama wani a madadin wanda ake zargi, Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta maimaita haka a sashe na 36. Sashe na 8 na ACJA ya hana kama mutum saboda bashi ko saɓa yarjejeniyar ciniki, wannan maganar kotun farar hula ce. Beli kuma a ofishin 'yan sanda ba a biyan ko kwabo a kansa. Sashe na 35(6) na Kundin Tsarin Mulki ya ba wanda aka tsare ba bisa ƙa'ida ba damar neman diyya da neman afuwa a bainar jama'a, kuma kotuna suna ba da ita. Matsalar ita ce mutanenmu ba su sani ba, wanda ya sani kuma yana tsoron abin da zai biyo baya.

Ɗan Kasuwar Kara:
Tsoron ne Barista. Mu da muke kwana a kasuwa, wa zai yi ƙarar wanda gobe zai tare shi a hanya?

Barista:
Na fahimta. Akwai Hukumar Ba da Agajin Lauya, akwai Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam, duk kyauta suke karɓar koke. Kuma sashe na 34 na ACJA ya ɗora wa majistare ya riƙa ziyartar ofisoshin 'yan sanda kowane wata, ya duba rajistar waɗanda ke tsare, har ya ba da beli a nan take in ya ga dama. Inda ake yin wannan ziyara da gaske, irin abin da ya sami mahaifinku yana raguwa.

Kurtun Gobe:
Ku yi haƙuri in faɗi abin da ke raina. Duk wannan da kuke kawowa na Turai ne, inda akwai ɗakin gwajin jini da na zanen yatsa a kowane gari. Mu nan ɗan sanda ba shi da safar hannu, ba shi da man mota, wani lokaci takardar rubuta sitatimen ma sai mai ƙara ya saya. An sace wa talaka babur ɗin da yake ci da iyalinsa da shi, an kamo wanda kowa a unguwa ya san ɓarawo ne, ya ce bai sani ba. Sai a ba shi shayi? Wani babba a aikin ya ce mini in rubuta doka a jarrabawa, in na shiga aiki in bi yadda na tarar. Shi ya sa na ce ta biyar eh ce. In an matsa shi ya nuna inda babur yake, an kuma same shi a can, ina zaluncin?

'Yar Arkilla:
Zaluncin yana kan sauran da aka daka kafin a kai ga shi, waɗanda ba su san komai ba. Su ba ka lissafa su.

Barista:
Kurtu, na gode da ka faɗe shi a fili, don da yawa haka suke tunani ba sa furtawa. Amsar ta biyar a'a ce, kuma dokar ta hango wannan hujjar taka. Sashe na 29 na Dokar Shaida ta 2011 ya ce idan aka nuna wa kotu cewa ta yiwu an samo amsa laifin ta hanyar azabtarwa ko wulaƙanci, ba za a karɓe shi ba sai masu gabatar da ƙara sun tabbatar, tabbacin da babu kokwanto a cikinsa, cewa ba ta wannan hanya aka same shi ba. Kuma sashen ya faɗa ƙarara cewa ko da abin da mutumin ya faɗa gaskiya ne. Nan ne ake dakatar da babbar shari'a a yi ƙaramar shari'a a cikinta, a kira wanda ya rubuta sitatimen ya zo ya yi bayanin yadda aka yi.

Amma akwai wani lungu da masu jarrabawa ke son kama ɗalibai da shi. Sashe na 30 ya ce idan bayanin da mutum ya bayar ya sa aka gano wani abu, ana iya kawo shaidar gano abin ko da bayanin kansa ba karɓaɓɓe ba ne. Wato babur ɗin da aka samu yana iya shiga, takardar amsa laifin ba za ta shiga ba. Sassa na 14 da 15 kuma sun bar wa alƙali ya auna shaidar da aka samo ta haramtacciyar hanya, ya ga ko amfanin karɓarta ya rinjayi illarta.

Kada ka ɗauka wannan lasisin duka ne. Dokar Hana Azabtarwa ta 2017 ta tanadi ɗaurin da ya kai shekara 25 ga wanda ya azabtar da mutum, kuma ta ce umurnin na gaba ba uzuri ba ne. Babban da ya ce ka bi yadda ka tarar, ba shi zai tsaya a akwatin kotu ba ranar da wani ya mutu a hannunka.

Baba Sufeto Mai Ritaya:
Kurtu ɗana, rashin kayan aiki da kac ce gaskiya ne, mun sha shi. Amma wanga babba da ya ba ka shawara ya cuce ka. Mutum in ya ji wuya zai amsa ya kashe wanda ke raye. Ka samu takarda, ka rufe fayil, ɓarawon gaskiya shina can shina ci gaba da sata, kai kuma ka daina nemansa.

Maganar babur da kak kawo, bari in gaya maka yadda munka riƙa yi. Ka karɓi rasit ga mai shi, ka ɗauki lambar inji da ta shasi. Babur ɗin sata bai daɗewa a gari, ko a kwance shi a sai da kayan ɗaya ɗaya, ko a nufi iyaka da shi ta Illela. To ka san dillalai, ka san makanikai, ka san masu sai da kayan gyara na hannu. Ka zauna da su awa mutane, ba ranar da ka zo kamu kaɗai ba. Ka tambayi mai gadi da mai shayi da mai faci wa sunka gani. A ƙauye akwai masu bin sawu da sun fi ka sanin ƙasa. Yanzu ma kuna da abin da ba mu samu ba, ana bin waya ta lambarta, ana karɓo bayanan kira daga kamfani. Duk wanga aiki ne na ƙafa da haƙuri, shi ya sa malalaci ka gudunsa shi ɗauki kulki.

Kurtun Gobe:
Na ji Baba. Amma har yanzu ina ganin doka ta fi tausaya wa mai laifi a kan wanda aka cuta.

'Yar Arkilla:
Ai tun 1764 Beccaria, masanin nan ɗan Italiya, ya amsa maka. Ya ce azaba ƙarfin jiki take aunawa, mai taurin rai ya jure ya fita ko shi ya yi, mai rauni ya amsa ko bai yi ba. Ya kuma ce abin da ke hana laifi shi ne mutum ya tabbata za a kama shi a hukunta shi da wuri, ba tsananin hukuncin ba. Wanda aka sace wa babur, abin da zai amfane shi shari'ar da za ta tsaya a kotu ne. In aka yi watsi da sitatimen, ɓarawon ya fito yana dariya, shi mai babur me ya samu?

Tunda ana maganar babur, ga wata da ke yawan fitowa. Ra'ayin masana biyu ne, Cohen da Felson, 1979: laifi na aukuwa idan abu uku suka haɗu, mai niyya, abin da ya dace a ɗauka, da rashin mai tsaro. Ku dubi ƙofar masallacin Juma'a lokacin da aka tayar da salla. Malaminmu ya ce duk wanda ya kawo misalin gida irin wannan ya fi wanda ya kawo na Chikago maki.

Malamin Zaure:
Assalamu alaikum. Ina bin ku tun ɗazu. Kurtu ya ce wannan na Turai ne, to ba haka ba ne ɗana. Ƙa'idar da kowane alƙalin Musulunci ke farawa da ita ita ce hujja tana kan mai da'awa, rantsuwa tana kan wanda ya musanta. Mutum kuɓutacce ne har sai an kawo hujja a kansa. Hadisi ya zo cewa an ɗauke wa al'umma kuskure da mantuwa da abin da aka tilasta su a kai, shi ya sa jumhurun malamai ba sa gina hukunci a kan iƙirarin wanda aka tilasta. Ma'izu, wani sahabi, da kansa ya zo yana iƙirarin zina, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi ta kau da kai daga gare shi, yana tambaya ko lafiyarsa ƙalau. A haddi ma, wanda ya yi iƙirari ya janye, ana karɓar janyewarsa.

Tambaya ta shida kuwa ta ba ni sha'awa, don mazhabarmu ta Malikiyya tana da magana a kanta. Idan wanda aka raunata ya ce jinina yana wuyan wane, sannan ya rasu, maganarsa ba ta isa a kashe wanda ya ambata ita kaɗai. Tana zama alama mai ƙarfi, wadda ake kira lausu, sai magadan jini su yi rantsuwa 50, ita ce ƙasama. Ina so in ji yadda dokar boko ta ce.

Barista:
Allah ya gafarta Malam, sun yi kusa. Asali, abin da wani ya ji daga bakin wani ba a karɓarsa, sashe na 38 na Dokar Shaida ke nan. Amma sashe na 40 ya keɓe maganar mamaci a kan abin da ya jawo mutuwarsa, idan lokacin da ya faɗa ya yi imani mutuwa ta kusanto shi. Don haka amsar ta shida eh ce, da wannan sharaɗi. Kotu kuma tana son kalmomin da ya furta su kansu. In da Hausa ya faɗa, a rubuta da Hausa yadda ya faɗa, a rubuta su wa ke wurin. Kurtu, dalilinka cewa ba za a iya yi masa tambayoyi ba shi ne ya sa alƙali ke auna maganar da taka-tsantsan, ya duba ko da haske a wurin, ko mamacin ya san mutumin tun da.

Malamin Zaure:
Madalla. Kuma ku tuna da shari'ar Safiya Hussaini a jihar nan. Kotun Gwadabawa ta yanke mata hukunci kan tuhumar zina a 2001, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a a Sakkwato ta soke shi a Maris 2002, cikin dalilanta har da cewa abin da ake tuhuma ya faru kafin dokar ta fara aiki. Malamai ne suka zauna suka ce ba a bi ƙa'ida ba.

Ɗan Mabera:
Wannan ya shiga sashe na 36(8) na Kundin Tsarin Mulki ke nan, ba a hukunta mutum da dokar da ba ta nan lokacin da ya aikata abu. Barista, saura ɗaya da ban sa a jerin ba. Mutum bai iya Turanci ba, ya yi bayani da Hausa, ɗan sanda ya rubuta da Turanci, ya dangwala yatsa. Ya matsayin wannan takarda?

Barista:
Wannan ita ce ta fi yawan kayar da shari'a a kotunanmu na Arewa. Sashe na 17 na ACJA ya ce ana iya ɗaukar bayani a gaban lauyan mutum, in ba shi da shi a gaban jami'in agajin lauya ko wani da ya zaɓa. In ba ya jin Turanci a samo tafinta, a rubuta, a karanta masa har ya gamsu, tafintan ya sa sunansa da hannunsa. Abin da ya fi shi ne a rubuta da Hausar da ya yi magana da ita, sannan a fassara, a kai wa kotu duka biyun. Idan ta bakin tafinta aka ɗauka, dole tafintan ya zo ya ba da shaida, in ba haka ba takardar ta zama ji-ta-ji-ta. Sashe na 15(4) kuma ya kawo ɗaukar amsa laifi a bidiyo, abin da wayar hannu ma za ta iya yi. In za a gabatar da bidiyon ko bayanan kira da Baba ya ambata, sai an cika sharuɗɗan sashe na 84 na Dokar Shaida, har da takardar shaidar yadda na'urar ta fitar da su.

Baba Sufeto Mai Ritaya:
To ga tawa, ku kwana da ita. An kamo mutum uku kan fashi. Na farko ya amsa da bakinsa ba tare da an taɓa shi ba, yac ce tare da sauran biyun sunka yi. Su biyun sun musanta, kuma babu wata shaida sai maganarsa. Mi za ka yi da su biyun? Barista kar ki ba su amsa, su duba ƙaramin sashe na 4 na wancan sashe na 29 da kansu. Kurtu, kai nike son in fara ji bayan sallar asuba.